Tsohon soja da sana'ar faranshiz a Arewacin Kamaru: matakan da za ka bi kafin ka taɓa kuɗin ritaya

Tambaya guda ce ke ta dawowa daga iyayenmu da yayyenmu da suka ajiye kaki, sojoji da jandarmomi, daga Garwa, Marwa, Gaundare har Kusuri: an biya ni kuɗin da suka taru, ga wani kamfani ya ce in biya kaza ya ba ni sunansa da kayansa da tsarinsa in buɗe shago, in shiga ko in bari? Wannan ita ce faranshiz: suna na wani, jari naka, riba a raba, asara kuwa galibi taka kai kaɗai.

Ra'ayina shi ne soja ya fi farar hula dacewa da rabin wannan sana'a. Buɗe shago a kan lokaci, tsabta, bin tsari ba tare da ƙari ko ragi ba, rubuta rahoto, duk ya iya. Amma inda ake asarar kuɗi shi ne ɗaya rabin, wato kafin sa hannu, inda ake buƙatar mai gardama, mai taya kaya, mai iya cewa ban yarda ba. Bariki kuwa ya shekara da shekaru yana koya maka kishiyar haka. Shi ya sa yawancin matakan da ke ƙasa na kafin buɗe shago ne.

1. Kammala fita daga aiki tukuna

Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru da Cadi ke cikin ƙasashe 17 da ke aiki da ita, ta hana ma'aikacin gwamnati zama ɗan kasuwa mai rajista. Saboda haka kada ka sa hannu a kan komai sai takardar ritayarka ta fito. Bincike da tambaya kam ka fara tun kana cikin kaki, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu, jira har fansho ya fara shigowa wata-wata. Tsakanin barin aiki da biyan farko akan sami jinkiri, kuma wanda ya zuba ajiyarsa a shago a wannan tsakani, shagon ne zai riƙa ciyar da gida tun bai tsaya da ƙafarsa ba. Ka kuma leƙa ofishin hukumar tsofaffin sojoji, ONACAM, ka tabbatar sunanka da takardunka sun daidaita.

Gargaɗi: wasu kan yi rajistar shago da sunan mata ko ƙane don su fara da wuri. A idon doka shagon na mai sunan ne. Ranar da aka saɓa, ko aka zo rabon gado, ba ka da bakin magana.

2. Raba kuɗinka kafin dillali ya san adadinsu

Ka zauna kai da iyalinka ka kasa kuɗin kashi uku. Na farko na gida ne: abinci, magani, kuɗin makarantar da ke jira a watan Satumba, na aƙalla wata shida. Na biyu na ajiya ne don ciyar da shagon kansa a watannin da ba zai kawo riba ba. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya. In bai kai abin da kamfanin ke nema ba, to wannan faranshiz ɗin ba taka ba ce, ka nemi ƙarama.

Gargaɗi: ranar da aka biya kuɗin da suka taru, gari kan sani. Duk wanda ya zo da maganar saura guri ɗaya, ko a biya kafin Juma'a, ko ya fara da yaba maka hidimar da ka yi wa ƙasa kafin ya fito da takarda, ka ba shi shayi ka sallame shi. Haka kuma duk tsarin da ribarsa ke zuwa daga kawo wasu mutane su shiga, ba daga sayar da kaya ba, ba faranshiz ba ce ko da an rubuta haka a allo.

3. Gane irin yarjejeniyar da ke gabanka

A nan mutane da dama ke ruɗewa, domin abin da ake kira faranshiz a bakin kasuwa iri uku ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba.

Akwai faranshiz ta ainihi: ka biya kuɗin shiga, ka biya kaso daga cinikinka kowane wata, su ba ka suna, horo da littafin tsarin aiki. Manyan irinta, kamar kantunan Carrefour da kamfanin CFAO ke gudanarwa a Duwala da Yawunde, sun fi ƙarfin aljihun mai fansho. Abin da ke isowa Arewa yawanci ƙanana ne: gidajen abinci, wankin mota, kayan sola, makarantun koyon kwamfuta.

Akwai wakilci ko dillancin kaya: rumfar aika kuɗi ta waya irin Orange Money ko MoMo, wurin sayar da katin Canal+, sayar da tukunyar gas, siminti ko man girki. A nan ba kasafai ake karɓar kaso daga cinikinka ba, kamasho ko ɗan rata tsakanin sari da sayarwa ne abincinka. Jarin shiga ya fi sauƙi, fita ma ta fi sauƙi. Ga wanda bai taɓa riƙe shago ba, nan nake ba da shawarar a fara, shekara guda ko biyu.

Sai hayar gudanarwa, wadda takardun Faransanci ke kira location-gérance, kuma ita aka fi yi a gidajen mai. Gidan man na kamfani ne, kai ka yi hayarsa ka gudanar da sunanka, basussukan da aka ci a zamaninka naka ne, ranar da wa'adi ya cika kuma ka miƙa makulli ba ka da abin sayarwa. Ka lura da abu biyu. Farashin mai gwamnati ke yankewa: fetur ya tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024, wato kuɗin cika tanki ya ƙaru ba tare da kai ka iya ƙara ko sefa ɗaya a kan lita ba. Na biyu, abokin gasarka ba gidan man da ke gaba ba ne, mai jarkar zuwa-zuwa ne a bakin titi, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya ta ɓarauniyar hanya. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafinsa ya canza, amma wannan ya nuna maka cewa cinikin gidan mai a Garwa ko Marwa na iya juyawa da hukuncin da aka yanke a Abuja.

4. Binciki kamfanin kamar yadda kake leƙen asiri kafin fita sintiri

A Amurka doka ta tilasta wa mai sayar da faranshiz ya ba mai saye kundin bayani mai babi 23, aƙalla kwana 14 kafin sa hannu ko biyan kuɗi. A Faransa dokar Doubin ta 1989 ta ce kwana 20. A can Amurka ma akwai shirin VetFran, wanda aka fara a 1991, inda kamfanoni ke yi wa tsofaffin sojojinsu rangwamen kuɗin shiga. Duk wannan nasu ne. Dokokin OHADA ba su ware wa faranshiz babi na musamman ba, don haka abin da ba ka tambaya da bakinka ba, babu wanda zai kawo maka, abin da ba a rubuta ba kuma babu shi.

Ga abin da za ka nema, a rubuce:

Lambar rajistar kamfanin ta RCCM da lambar harajinsa. Ka kai lambar rajistar ofishin magatakardan kotun da ta bayar a duba maka.

Shaidar cewa sunan da tambarin da za ka biya kuɗi dominsu an yi musu rajista a OAPI, hukumar rajistar tambura wadda hedikwatarta ke Yawunde. Rajistar tambari shekara 10 take yi kafin a sabunta, ka duba ko tana da rai, kuma da sunan wa. In wakili ne na wani kamfanin waje, ya nuna takardar da ta ba shi ikon sayar wa wasu, da ranar ƙarewarta. In tasa ta ƙare nan da shekara biyu, taka ta shekara biyar banza ce.

Shagon da kamfanin ke gudanarwa da kansa, da shekarun da ya yi. Wanda bai taɓa cin riba da tsarinsa ba, ba shi da abin da zai koya maka.

Jerin sunayen duk waɗanda ke cikin tsarin, da waɗanda suka fita. Wannan ne mafi muhimmanci, kuma nan za su fi yin nauyin baki. Kada ka tsaya ga mutum biyun da kamfani ya zaɓa maka. Ka hau mota ka je da kanka, gani ya kori ji. Ka zauna a shagon mutum tun buɗewa har rufewa, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, kana ƙirga masu shiga da masu fita da kaya a hannu. Ka tambaye shi: wata nawa ka yi kafin shagon ya biya kansa, kwana nawa kaya ke yi kafin su iso, in na'ura ta lalace wa ke zuwa, da za a dawo baya za ka sake sa hannu? Wanda ya rufe nasa shagon ya fi kowa amfani gare ka, ka neme shi ko a ina yake.

Gargaɗi: cinikin shagon Duwala ba hujja ba ce a Marwa. Aljihun mutane daban, abin da suke ci daban, kuɗi kuma a nan yana bin kaka: biyan kuɗin auduga, lokacin albasa, azumi da salla.

5. Yi lissafi da biro da takarda

Adadin da ke ƙasa na misali ne, na ƙirƙire su don a ga yadda lissafin ke tafiya. Ka cire su ka sa naka.

Kuɗin buɗewa: kuɗin shiga sefa 1,500,000, hayar wata shida a kan 100,000, wato 600,000, gyaran shago da fenti irin na kamfani 1,200,000, kayan farko 2,500,000, sola ko janareta 700,000, lauya da takardu 300,000. Jimla 6,800,000, ba a sayar da ko allura ba tukuna.

Yanzu wata guda. A ce ka yi cinikin 3,000,000, ratar da ke tsakanin sari da sayarwa kashi 15 cikin 100, wato 450,000. Kamfani na karɓar kashi 4 na ciniki, da kashi 1 na talla: 150,000. Haya 100,000. Ma'aikata biyu a kan mafi ƙarancin albashi na 60,000 da aka yanke a 2023, 120,000, da kusan 20,000 na CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. Wuta, ruwa da ƙananan abubuwa 40,000. Abin da ya rage maka 20,000 ne, kafin haraji.

Dubi abin da ya faru. Kashi 5 cikin 100 da ya yi sauƙi a kunne ya cinye sulusin ribarka, domin daga ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. In ciniki ya sauka zuwa 2,000,000 a watan damina, ratarka 300,000, kamfani ya ɗauki 100,000 nasa cif, kai kuma ka ciro 80,000 daga aljihu ka cika. A wannan misali sai ka sayar da kayan 2,800,000 a wata, fiye da 93,000 kowace rana har da Juma'a da Lahadi, kafin ka tashi ba riba ba asara. Wannan adadi na kullum shi za ka riƙe a kai, ka gwada shi da abin da idonka ya ƙirga a mataki na huɗu.

Ka kuma sa wa kanka albashi a cikin lissafin. Shagon da ke cin riba don kawai mai shi na aiki kyauta daga safe zuwa dare, wahala ce aka saya da kuɗi.

Gargaɗi: in mai sunan yana ƙasar waje, akwai harajin da ake cirewa daga irin wannan kuɗi kafin ya fita, wanda a ƙa'ida kashi 15 cikin 100 ne, kuma banki zai nemi takardu bisa dokar canjin kuɗi ta BEAC, babban bankin ƙasashen yankin. A rubuta wa zai ɗauki nauyin harajin. In biyan da yuro ne, canjin a tsaye yake, sefa 655.957. In da dala ne, hawa da saukarta a wuyanka.

6. Wurin shago da hanyar kaya

Jirgin ƙasa a Gaundare yake tsayawa. Daga nan kaya sai mota, ta Garwa, Marwa, Mora, Dabanga zuwa Kusuri, kuma duk wanda ya yi aiki a wannan layi ya fi ni sanin halin hanyar da damina. In yarjejeniya ta ce daga kamfani kaɗai za ka sari kaya, tambayi wa ke biyan kuɗin mota, wa ke da asarar abin da ya lalace a hanya, kuma in kaya sun makara ko an yarda ka saro a Garwa ka cike gurbi.

Wuta ma haka. Arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo, kuma ko da aka ƙara tashoshin sola a Marwa da Gidar, wanda zai sayar da abin da ke buƙatar firji a zafin Maris da Afrilu ya sa tasa wutar a cikin jari.

Hayar shago a yi ta da sunanka, a rubuce, wa'adinta kada ya gaza na faranshiz. Dokar OHADA na ba ɗan hayar da ya yi sana'a shekara biyu a wuri haƙƙin neman sabuntawa. In kamfani ne ya kama hayar ya ba ka, ranar rabuwa ka rasa suna ka rasa wuri.

Ga wanda ya yi faɗa da Boko Haram a Kolofata, Fotokol ko Amcide: ka yi tunani sau biyu kafin ka buɗe rumfar kuɗi a garin da aka san fuskarka da kaki. Sana'ar da ke tara tsabar kuɗi da yamma tana jawo ido ko ga farar hula.

7. In sai an ci bashi

Gara ka rage girman shago da ka ƙara girman bashi. In babu makawa, ga iyakoki biyu da ba a ƙetarewa: takardar filin gidan da iyali ke ciki, da fansho. Bankin da fanshonka ke sauka a cikinsa zai yi maka maraba, domin nasa yake cirewa kafin kuɗin su iso hannunka, shago na tafiya ko ya rufe.

Ga mai gudun riba, akwai bankuna irin su Afriland da ke da sashen hada-hadar Musulunci. Ka kai takardar wurin malamin da ya san kasuwanci ya duba. Adashi kuma yana da amfani wajen ƙara kaya, ba wajen biyan kuɗin shiga ba.

Gargaɗi a kan tsayawa: in ka sa hannu a matsayin mai tsaya wa bashi, doka na ɗaukar ka daidai da wanda ya ci, in an nema ya biya bai biya ba, ana iya zuwa kanka. Dole mai tsayawa ya rubuta iyakar adadin da hannunsa, da haruffa da lambobi, wanda bai iya rubutu ba kuma sai da shaidu biyu. Kada ka ja abokin aikinka na bariki cikin wannan don kunya, kada kuma a ja ka.

8. Karatun takarda, layi bayan layi

Takardar za ta zo da Faransanci irin na lauyoyi. Ko kana jin Faransancin aiki, ka ɗauki lauyanka, ba na kamfani ba, ya karanta ya fassara maka da Hausa ko Fillanci har ka gane. Kuɗinsa ne mafi arha a duk wannan tafiya. Wanda ke gabanka ba kwamandanka ba ne, abokin ciniki ne, kuma taya farashi ba rashin ɗa'a ba ne.

Ku tsaya a kan waɗannan. Yanki: a rubuta sunayen unguwanni ko tazarar da kamfani ba zai buɗe wa wani ba. Adadin sari na dole: in akwai mafi ƙarancin abin da za ka saya duk wata, a sassauta shi a shekarar farko da watannin damina. Kaso: a kan cinikin da aka yi ne ko akwai adadin da za ka biya ko ba ka sayar ba? Gyara: in sun canza fenti ko na'ura, wa zai biya? Horo da ziyara: sau nawa, a ina, da kuɗin wa?

Ka duba jerin kayan da aka wajabta maka sayarwa. Wasu kantunan gidajen mai da rumbunan lemo na haɗa giya, wasu rumfuna na haɗa caca. In ba ka yarda ba, a cire a rubuce yanzu, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai ƙofar fita, wadda mai ɗokin shiga ba ya dubawa. Za ka iya sayar wa wani? In ka fita kafin wa'adi, nawa ne tara? Kayan da suka rage za su karɓa, a kan wane farashi? Wace sana'a aka hana ka bayan rabuwa, a ina, tsawon wane lokaci? In rashin lafiya ta kwantar da kai, ko ta Allah ta kasance, iyali za su ci gaba ko za a ƙwace? Tsohon soja mai tsohon rauni ya fi kowa buƙatar wannan layi. A ƙarshe, ina za a yi shari'a in an saɓa? Ka nemi kotun garinku. Sulhu a Abijan ko Faris, kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya sa ka haƙura da haƙƙinka.

Gargaɗi: kada ka ba da kafin alƙalami ba tare da takardar da ta ce za a mayar maka in magana ta watse ba. Duk biya ta banki, zuwa asusun kamfani, ba wayar wani ma'aikaci ba.

9. Rajista

Wannan ne mafi sauƙi. Cibiyar CFCE, wadda ke da ofishi a Garwa da Marwa, na haɗa maka rajistar kasuwanci da lambar haraji a wuri guda. Ka buɗe kamfani irin SARL maimakon yin sana'a da sunanka tsirara: tun dokar Disambar 2016 jarinsa na iya farawa daga sefa 100,000, kuma yana raba bashin shago da dukiyar gida, muddin ba ka koma ka tsaya wa bashin da kanka ba. Ka yi wa ma'aikata rajista a CNPS. In hayar gudanarwa ce, a buga sanarwarta a jarida kamar yadda doka ta ce.

10. Wata shida na farko

Ka zauna a shagon da kanka. Asusun shago daban, na gida daban, fansho daban. Kowace yamma a ƙirga kuɗi, kowane mako a ƙirga kaya, a rubuta.

Ma'aikata da masu saye ba kurata ba ne. Yaron da ka daka wa tsawa gobe ba zai zo ba, kuma babu gadirum da za ka kai shi. Mai saye in ya ga fuska a murtuke sai ya tsallaka shagon gaba. In ka san halinka, ka sa mai fara'a a gaban kanta, kai ka riƙe lissafi da sito.

Bashi ga dangi da tsofaffin abokan aiki shi ke kashe irin wannan shago a garuruwanmu, domin kamfani na karɓar kasonsa a kan kayan da suka fita, ko an biya ka ko ba a biya ba. A nan dokar kamfani garkuwa ce gare ka: ka ce tsari ya hana, ka nuna musu takarda.

Tun ranar buɗewa ka rubuta adadin asarar da in an kai shi za ka tsaya, wato ƙarshen kashi na biyu da ka ware a mataki na biyu, ka ba uwargida ko wani amini kwafi. Duk ƙarshen wata ku gwada cinikin kullum da adadin da lissafi ya nuna. In wata uku a jere yana ƙasa, ka rubuta wa kamfani wasiƙa kana neman taimakon da yarjejeniya ta yi alkawari da sassaucin kaso, ka ajiye shaidar sun karɓa. In ajiyar ta ƙare ba a ga canji ba, ka koma wurin lauyanka ku buɗe babin fita, kafin a fara tara maka bashin kaso da na haya.